Taswirata ta koma kore ɗaya tal: in saki launuka su bi abin da ke gabana, ko in ɗaure su?

Ummi_Auyo
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina aikin kammala digiri a kan wuraren da ruwa ke kwanciya a kwarin Kogin Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma. Na sauke bayanan tudu da kwari na SRTM (awon tsawon ƙasa da radar daga sararin sama) na Najeriya baki ɗaya, na ɗora a manhajar zana taswira ta QGIS, na sa launi daga kore zuwa ruwan ƙasa. In ana kallon ƙasar duka, abin gwanin kyau: Jos ta fito, Mambila ta fito, kwarin Neja da Binuwai sun fito. Amma da na zuƙo yankinmu sai komai ya koma kore ɗaya tal, kamar an shimfiɗa darduma. Alhali ni 'yar wurin ce, na san inda jigawa take, na san inda fadama take, na san unguwannin da ruwa ya fara ci a daminar 2022.

Wani ɗan ajinmu ya nuna min yadda ake sa launukan su riƙa bin abin da ke fuskar kwamfuta kaɗai, nan take sai ga fadamun sun fito. Amma malamin da ke duba aikina ya ce kada in kuskura, wai yaudarar ido ce, ma'aunin launi guda ake riƙewa. Don Allah wa ke da gaskiya?

MalamSafiyo
Wa alaikumus salam. 'Yata, bayananki lafiyarsu lau, lissafi ne kawai. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419. Bakin teku kuwa sifili. To manhajar ta ɗauki launukanki ta baza su daga sifili zuwa wajen 2,400. In launi takwas kika sa, kowane ya ɗauki mita 300 ke nan. Kwarin Haɗeja duka yana cikin aji guda, na 300 zuwa 600, domin tsakanin fadama da jigawar da ke kusa da ita ba a fi 'yan mitoci ba. Sikelin da ake auna buhun gyaɗa da shi kika ɗora wa zobe, shi ya sa allurarsa ba ta motsa ba.

Ki buɗe kaddarorin shimfiɗar, wato hoton bayanan da kika ɗora, ki shiga wajen launi, akwai inda ake zaɓar daga ina za a ɗauko ƙaramar lamba da babba. Zaɓi uku ne: hoton gaba ɗaya, ko abin da ke allo a yanzu, ko kuma wanda aka rubuta wa "Updated canvas", mai sake lissafi duk lokacin da kika motsa. Na ukun ne ɗan ajinku ya nuna miki, tun QGIS 3 yake nan.

Ummi_Auyo
Na gode Baba. Shi ne kuwa. To haramun ne amfani da shi kamar yadda malamina yake nufi?

Lakcara_Zariya
Ni dai ina bayan malaminki, kuma zan faɗi dalili. Kowace shekara sai ɗalibai sun kawo min taswira huɗu ko biyar a shafi guda, kowace da nata ma'aunin, ja a ta farko yana nufin wani abu, ja a ta biyu yana nufin wani daban. Mai karatu ba ya duba ƙananan lambobin da ke gefe, launi yake gani ya yanke hukunci. In kika bar launi yana yawo da linzamin kwamfuta, gobe ke kanki ba za ki iya sake fitar da taswirar da kika fitar yau ba, domin ko kaɗan kika goce lambobin sun canja. Aikin ilimi kuwa dole wani ya iya maimaita shi.

Injiniya_Rano
Ranka ya daɗe Lakcara, maganarka gaskiya ce amma ba ita Ummi ta tambaya ba. Ita taswira ɗaya take yi ta wuri ɗaya. Me ya haɗa ta da dutsen Taraba? Ma'aunin da ya taso daga Legas ya ƙare a Gashaka ba shi da wata daraja da ta fi wanda ya taso daga fadamar Auyo ya ƙare a jigawar Auyo. Dukansu zaɓi ne, sai dai na farkon manhaja ce ta zaɓa mata ba tare da ta tambaye ta ba. Taswirar da ta nuna wa mutum ƙasarsa a shimfiɗe kamar faifai alhali ruwa ya san inda yake bi, ita ce ta yaudari ido.

Lakcara_Zariya
Na yarda da rabin maganarka, Injiniya. Ta matse ma'aunin, ban hana ba. Abin da na ƙi shi ne ta bar shi a sake. Ta duba lambobin da ya ba ta, ta zagaye su zuwa cikakkun lambobi, ta rubuta su da hannunta, ta kulle. Sannan ta faɗa a ƙarƙashin taswirar cewa an taƙaita launi daga mita kaza zuwa kaza.

Ƴar_Damagaram
Sannunku da muhawara. Bari in kawo misali daga wajenmu, don na ga abin nan ya yi ɓarna da idona. Ina aiki da bayanan ruwan sama na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981. Wani abokin aiki ya shirya taswirorin damina na shekaru daban-daban don a nuna wa shugabannin ƙungiyoyin manoma, ya bar kowace shekara ta zaɓi ma'auninta. Sai ga 1984, shekarar farin da tsofaffinmu har yau suke ambato, ta fito da shuɗi sharaf a kudancin Magarya, daidai da shekarar da aka yi ruwa sosai. Dalili, kowace shekara akwai inda ya fi ko'ina samun ruwa, ko da ruwan kaɗan ne, kuma manhaja nan take shafa wa shuɗi mafi duhu. Wani dattijo ya tashi ya ce shi ya rayu a shekarar, dabbobinsu sun ƙare, wannan takarda ba ta san abin da take faɗa ba. Daga nan babu wanda ya ƙara sauraron sauran bayanin, har da na gaskiyar.

Tun ranar, in shekaru zan jera, ma'auni guda nake ɗaurewa. Ba a auna hatsin bara da mudu, na bana da tiya, sannan a ce rumbu bai canja ba.

Amma kuma ƙanwata Ummi, matsalarki ni ma ina da irinta ta wata fuskar. In na haɗa Nijar da Najeriya a taswira guda, Kalaba da ke samun ruwa kusan milimita 3,000 a shekara takan cinye launukan, sai Damagaram da Agadas da Bilma su zama ruwan ƙasa iri ɗaya. Alhali a Damagaram ana noman gero, a Bilma kuwa ruwan shekara bai kai milimita 30 ba. Can dole in matse.

Sadauki_Kod
Ga masu zana taswira da harshen kwamfuta na Python, abin da ke rikita mutane shi ne yanke gani daban, yanke bayanai daban. In ka kira set_extent a cartopy, taga kawai ka matse, bayanan duka suna nan a baya, matplotlib kuma ya riga ya ɗauki ƙarami da babba daga dukansu. Ko dai ka yanki bayanan tukuna da sel a xarray sannan ka zana, ko ka lissafa lambobin yankin ka miƙa su ta vmin da vmax. Haka yake a ggplot2 na harshen R: iyakar da ka sa a coord_sf ba ta taɓa ma'aunin launi, sai ka tace bayanan da kansu.

A kula kuma, a fayilolin bayanan yanayi na ERA5 layukan latitud daga arewa suke gangarowa kudu, saboda haka in ka yanka daga 12 zuwa 13 fanko za ka samu, sai ka juya ka ce 13 zuwa 12.

Ummi_Auyo
Yaya Sadauki ni ban kai nan ba tukuna, amma na adana. Yanzu na gwada ƙarami da babba na abin da ke allo, sai ƙaramar lambar ta fito -32768, taswirar ta koma launi ɗaya fiye da da. Me na taɓa?

MalamSafiyo
Ba ki taɓa komai ba. Wannan lamba alama ce ta "babu bayani a nan". A SRTM akwai ramukan da na'urar ba ta samu amsa ba, aka cika su da -32768, wasu fayilolin kuma -9999 suke sawa. In ba a gaya wa manhaja ba, sai ta ɗauka rami ne mai zurfin kilomita 32. Ki shiga shafin da ake sa abu ya zama garai-garai, ki rubuta lambar a gurbin rashin bayani.

Bayan haka kada ki yi amfani da ƙarami da babba tsantsa. Ɗigo guda da ya kauce ya isa ya ja ma'aunin duka. Ki zaɓi yankan kashi 2 zuwa 98, wato a zubar da kashi biyu na can ƙasa da biyu na can sama kafin a raba launi. Ki kuma sauya daga kintace zuwa ainihin lissafi, ya fi jinkiri amma lambar ta fi tabbata.

Sadauki_Kod
Shi ne abin da robust=True yake yi a xarray, 2 da 98 ɗin nan dai. A manhajar ArcGIS kuma DRA suke kiran mai bin allo, a Google Earth Engine akwai maɓallin miƙa launi da ke lissafi daga abin da ke gabanka.

Bamagujen_Birni
Ina da ja a kan 2 zuwa 98 ɗin nan, Malam. A aikin ambaliya kashi biyun ƙasan su ne ainihin abin da ake nema: tsakiyar kogi, tafkuna, ƙoramun da suka ƙafe. In ka murƙushe su cikin launi guda ka ɓoye abin da ka fito nema. Ni da na yanke sama kaɗai na bar ƙasa.

MalamSafiyo
Ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Ta fara kawar da lambar rashin bayani, sannan ta duba jadawalin yawan lambobin da idonta kafin ta yanke ko'ina.

Manomin_Marma
Ni ba ɗan kwamfuta ba ne, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don ina son taswira. Amma 'yata, in kina neman inda ruwa ke kwanciya a ƙasarmu, tudu da kwari kaɗai ba za su gaya miki ba. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da lokacinsa. Da can rani na yi kogi ya janye, ƙasa ta bushe. Yanzu yana nan kusan duk shekara, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin. Akwai gonakin da a zamanin iyayenmu ba a san su da ruwa ba, yau sai da kwalekwale. Akwai kuma kwarin da ruwa ya daina zuwa sam. Ƙasar ba ta tashi ba, ba ta sauka ba, hanya ce ta toshe.

Yar_Gashuwa
Wallahi Baba ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu da ke ƙasa, ruwan da ya kamata ya iso mu ta Kogin Yobe shi ne yake karkata ya tafi wajen Nguru. Ku ruwa ya yi muku yawa, mu muna jira.

Ummi_Auyo
Baba Manomi na gode ƙwarai, zan sa wannan a babin tattaunawa, kuma in Allah ya yarda zan zo in ga wuraren da ka ambata.

Injiniya_Rano
Maganar Baba ta tuno min abin da ya kamata a ce tun farko, kuma a nan tsoron malamin Ummi yake da tushe. SRTM a watan Fabrairun 2000 aka auna shi, daga kumbon Endeavour, cikin kwana 11. Shekara sama da ashirin ke nan. Kowane ɗigo faɗin mita 30 ne, lambobinsa cikakkun mitoci ne babu ɗigon goma, kuma kuskuren da aka yarda masa a tsaye ya kai mita 16, ko da yake a fili mai shimfiɗa yakan fi haka kyau nesa. Sannan radar ɗin kan bishiya da rufin gida yake dira, ba ƙasa ba. To in kika matse launuka goma a cikin mita goma sha biyar, taswira za ta fito da zane-zane masu ban sha'awa, amma wani tudun da za ki gani gonar mangwaro ce, wani kuma hayaniyar na'ura ce kawai. Miƙa launi yana fito da abin da ke ɓoye, yana kuma fito da shara ya sa mata riga.

Shawarata, ki sauke bayanan tudu da kwari na Copernicus GLO-30, wanda aka auna tsakanin 2011 da 2015, ya fi santsi a irin wannan fili. Akwai kuma FABDEM da aka yi ƙoƙarin cire wa bishiyoyi da gine-gine. Ki miƙa launi a kan biyu daga ciki. Abin da ya fito a dukansu ki yarda da shi, wanda ya fito a ɗaya kaɗai ki je ki taka da ƙafa.

Lakcara_Zariya
Madalla, Injiniya. Ashe ba mu yi nisa da juna ba. Faɗin kowane ajin launi kada ya gaza abin da na'urar ke iya bambancewa.

Hajiya_Ƙididdiga
Ku duka a kan hoton tauraron ɗan'adam kuke magana, mu masu taswirar ƙananan hukumomi fa? Matsalar iri ɗaya ce. In na raba yawan jama'a na ƙananan hukumomi 774 gida biyar, cunkoson Legas da ƙwaryar Kano yakan kwashe azuzuwan sama, sai 27 ɗin Jigawa su faɗa kusan aji guda. Kuma a irin wannan shimfiɗa zuƙowa ba ta canja komai, sai na tace jihar kaɗai na sake danna rabawa. Wani lokacin ma ba matsewa ce magani ba, ma'aunin ninki ne: 10, 100, 1,000, 10,000. Da shi ƙauye da birni duk suna samun launi a taswira guda, ba sai na yanke kowa ba.

Abin da ke damuna shi ne taswirorin intanet da ke canja launi da kansu in ka zuƙo. Na ga jami'in lafiya ya zuƙo jiharsa, ƙaramar hukumar da ke rawaya ta koma ja wur, hankalinsa ya tashi ya fara kiran waya. Adadin masu cutar bai ƙaru ko da ɗaya ba, maƙwabtan da ake gwada ta da su ne suka fita daga allo.

Sadauki_Kod
Hajiya, shi ya sa in na gina irin wannan nakan sa maɓallin kulle ma'auni a fili, kuma a kulle yake buɗewa. Wanda ya so ya sake shi da hannunsa, lambobin gefe kuma su canja a gabansa.

Ƴar_Damagaram
Ƙari a kan na Hajiya: in taswirar ta ragi da ƙari ce, misali ruwan bana a kan matsakaicin shekaru, farin launi dole ya zauna a kan sifili. In aka bar manhaja ta miƙa daga ƙarami zuwa babba, farin launin yakan gusa, sai wurin da ruwa ya ragu ya sami launin ƙari. Haka NDVI, ma'aunin koren ciyayi, tun asali daga -1 zuwa 1 yake, mu da muke bin makiyaya lambobi tsayayyu muke sa masa daga watan Yuni har Oktoba, in ba haka ba ba za ka ga ranar da ƙasa ta yi kore ba.

BabanZahra
Wani abu da ba a ambata ba. Ummi, da wace na'ura za a buga aikin? Yawancin masu duba aiki kwafin baƙi da fari ake miƙa musu. Launin bakan gizo in aka buga shi haka, ja da shuɗi duk duhu suke zama, tsakiya ta yi haske, sai kwari da tudu su zama abu guda. Ni kuma ina cikin mazan da ba sa bambance ja da kore sosai, kore zuwa ruwan ƙasan nan naki wahala yake ba ni. Ki gwada jerin launukan Viridis, yana cikin QGIS, daga duhu yake tafiya zuwa haske ba ya komawa baya, ko an yi masa hoto a shagon bakin makaranta yana karantuwa.

Bamagujen_Birni
Viridis a tudu da kwari? Ni ban saba ba gaskiya, ido ya riga ya san shuɗi ruwa ne, kore kwari ne. In ka ba hakimi taswira mai shunayya sai ka yi rabin awa kana bayani.

BabanZahra
To ai koren ma yana da tasa illar, mutane ciyawa suke ɗaukarsa. Na ga wanda ya ga kore a bakin Tafkin Chadi ya ce ashe daji ne.

Ummi_Auyo
Alhamdu lillahi, ga inda na kwana. Na kawar da -32768. Na yanki hoton da iyakar ƙananan hukumomin da nake aiki a kansu, don lambobin su daina dogara da inda na tsayar da allo. Na bar mai bin allon a kunne ina yawo da shi, da shi na gano wata tsohuwar hanyar ruwa da ban san da ita ba, na kira kawuna ya ce tabbas a nan ruwa ya ɓullo musu a 2022. A taswirar da za a buga kuma na rubuta lambobin da hannu na kulle, na sa ƙaramar taswirar Najeriya a kusurwa da cikakken ma'auni.

Saura abu guda. Ina da yanki biyu, na Auyo da na Kirikasamma, kuma na biyun ya fi na farko gangarawa. In na ba su ma'auni guda, kowannensu rabin launukan yake samu, fadamun su dushe. In na raba, na faɗa abin da Malam Lakcara ya hana.

Lakcara_Zariya
Guda, 'yata. Kogi ɗaya ne, mai karatu ya ga yana gangara.

Injiniya_Rano
Ni kuwa da ban zana tsawo daga teku ba sam. Ruwa bai san teku ba, kogin da ke kusa da shi ya sani. Ki lissafa tsawon kowane ɗigo a kan magudanar da ta fi kusa da shi, ana kiran hanyar HAND. Sifili ya zama bakin kogi a yankunan biyu, sai ma'auni guda ya ishe su ba tare da kowa ya dushe ba.

Manomin_Marma
Wane kogin za ta ɗauka, Injiniya? Wanda ke takarda, ko wanda ruwan yake bi yanzu? Don a wajenmu ba ɗaya ba ne.

Injiniya_Rano
Wannan kam sai ta zo wajenka, Baba. Ummi, ki tafi da waya mai GPS, ki bi bakin ruwan da shi, ki turo mana layin mu gwada a kan duka biyun.